Kullum Kaɗan, Tarin Ranar Hutu, ko a Biya Wani? Aikin Gida ga Mai Fita Nema a Ankara

Mu uku muka daɗe muna wannan gardama: ni, da yayata, da maƙwabciyata da ƙofofinmu ke kallon juna. Ni ina unguwar Maamobi a Ankara, babban birnin Gana, cikin gidan haya mai tsakar gida ɗaya, ɗaki da falo, ina tsaron shagon atamfa a kasuwar Makola daga Litinin zuwa Asabar. Yaya ta gina nata a Kasoa, tana aikin ofis a cikin gari. Maƙwabciyata kuwa waace take sayarwa a bakin titi, wato shinkafa da waken nan da ya zama karin kumallon rabin Ankara. Kowaccenmu tana da miji da yara, kowacce tana fita nema, kuma kowacce ta rantse tsarinta na aikin gida ya fi. Ni kullum nake taɓawa kaɗan-kaɗan. Yaya tara nata take yi sai ƙarshen mako. Maƙwabciya biya take yi a yi mata. Na gwada duka ukun a lokuta dabam-dabam, shi ya sa nake ganin ina da ta cewa ga wanda yake neman wanda zai ɗauka.

Abin da na fahimta tun farko shi ne, kafin mutum ya tambayi kansa ko shi mai himma ne ko malalaci, ya fara tambayar abu uku: yaushe famfonsa yake kawo ruwa, yaya wutar unguwarsa take, kuma awa nawa hanya take cinye masa. A garin nan waɗannan ukun su ne masu tsara wa mutum ranarsa.

Bari in fara da nawa. Ranar Ankara ba ta da wani sauyi sosai: gari yana wayewa wajen ƙarfe 6, magariba tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, damina da rani kusan duk ɗaya. Ana kiran asuba kafin ƙarfe 5. Tsakanin sallame salla da fitata tashar turoturo, wato ƙananan motocin haya, ina da kamar awa ɗaya da rabi, kuma wannan ɗan tsakanin shi ne jarina. Da sanyin safiya ake kama fara. A ciki nake share ɗaki da ƙofarmu, in wanke kwanukan da suka kwana idan akwai, in ɗauraye kayan makarantar yara da na jiƙa tun dare, in shanya su. Da daddare bayan isha'i ba na ɗaukar abin da ya wuce minti 20: goge wurin girki, jiƙa kaya, ajiye abin da za a dafa gobe. Idan ranar wanke bayi ta zo kan ɗakinmu, domin a gidan tarayya bi da bi ake yi, to ita ce aikin safiyar, sauran su jira.

Amfanin wannan tsari ba a ganinsa sai an yi baƙo ba zato. A Zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi, ba a sallama ta waya kafin a zo. Gwaggon miji za ta iya faɗowa daga Sabon Zango da la'asar, ta zauna a falonka, idonta yana yawo. Wanda yake taɓawa kullum ba ya shiga ruɗu a irin wannan rana. Haka kuma zafi da laimar garin nan ba sa yafe wa kwanon da ya kwana biyu ko tsumman da aka jibge a jiƙe: kafin ka ankara wari ya tashi, kyankyasai sun sami gida. Wankin kullum kuma ba ya cin ruwa da yawa a tashi ɗaya. Bokiti biyu sun isa, ba sai an tanadi jarka shida ba.

Aibinsa kuwa guda biyu ne, kuma na sha su. Na farko, ba ka taɓa jin ka gama. Babu ranar da za ka miƙe ƙafa ka ce yau na sauke. Na biyu, manyan ayyuka ba sa shiga cikin awa ɗaya da rabi. Labule, zannuwan gado, bayan firji, ƙarƙashin gado, akwatunan da ke saman kabad: duk suna nan suna tara ƙura, kana ganin gidanka fes a ido. Na taɓa shekara guda cur ban sauke labulen falo ba, sai da hunturu ya mayar da shi ruwan ƙasa.

Wannan tsari nawa ba ya yiwuwa ga Yaya ko da ta so. Kasoa, wadda sunanta ma daga kalmarmu ta "kasuwa" ya samo asali, tana bakin iyakar Yankin Tsakiya, kuma duk mai shigowa Ankara daga can sai ya bi ta Weija da mahaɗar Mallam. Wanda ya makara da rabin awa zai biya da awa biyu a cikin cunkoso. Don haka Yaya tana yin asuba ta fita, wani lokacin ma a hanya take yin ta. Ba ta komawa gida sai bayan isha'i. Ka ce wa wannan baiwar Allah ta riƙa wanki kafin ta fita, ai zalunci ne. Ita Asabar ce ranarta, tunda ofis ba ya buɗewa. Tun da duku-duku take haɗa wankin mako, ta tura yaro markaɗe, ta ɗora miyar tumatir babbar tukunya, ta yi ta kuɓewa da ta ayoyo don tuwon zafi, ta soya shito, wato yajin nan mai mai, ta rarraba a robobi ta jera a firiza. Kafin la'asar ta gama, sauran mako ɗumame kawai.

In faɗi gaskiya, ta wajen lissafin lokaci nata ya fi nawa riba. Wanda ya hura gawayi sau ɗaya ya dafa miya uku ya fi wanda ya hura sau shida. Cefanen mako a dunƙule ya fi araha a kan sayen tumatir ƙwaya-ƙwaya a bakin layi. Ruwan sabulun da aka wanke fararen kaya da shi yana wanke masu duhu, na ɗauraya kuma ya wanke tsakar gida. Kuma akwai wani daɗi da take ji ranar Asabar da yamma, kaya a ninke, firiza cike, wanda ni ban san shi ba.

Amma tsarin yana tsaye ne a kan ƙafafu uku, kuma kowacce tana iya zamewa. Ta farko wuta. Duk wanda ya zauna a Gana a 2015 bai manta da dumso ba, lokacin da ake ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. A shekarun nan mata da yawa sun zubar da miyar mako guda, wasu suka koma soya nama kakas da yin miyar da za a riƙa ɗumamawa safe da yamma kamar yadda iyayenmu suka yi. Yanzu da sauƙi a kan wancan lokaci, amma har gobe wanda ya dogara da firiza ya san cewa abincinsa na mako yana hannun mita da taransifomar unguwa. Ko katin mitar ne ya ƙare da tsakar rana babu kowa a gida, an yi asara.

Ta biyu ruwa. Ruwan famfon Ankara daga Weija da Kpong yake zuwa, kuma unguwanni da yawa rabo ake yi musu: yau akwai, gobe babu, wani lokaci sai tsakar dare yake zuwa. Idan ranar wankinka ba ta dace da ranar famfo ba, sai ka koma ga jarkunan nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan Kufuor, waɗanda suka sami sunan tun ƙarancin ruwan zamanin mulkin shugaban ƙasa John Kufuor. Yaya ta fi ni a nan domin tana da babban tankin roba a bayan gida, ta cika shi ta huta. Ni a gidan haya ina zan kafa tanki? Randa ɗaya da duro ɗaya ne iyakata. Ga kuma igiyar shanya. Tsakar gidanmu ɗakuna tara ne suke raba ta. Idan kowa ya tara wanki sai ƙarshen mako, igiya ba ta isa, kuma rigimar da ta fi yawa a gidajen haya daga nan take tashi: wa ya matsar mini da zane, wa ya ɗora jiƙaƙƙe a kan busasshe. A watan Yuni kuwa, tsakiyar damina, wankin da aka tara yana iya kwana uku bai bushe ba, ya ɗauki wani wari da sai an sake wanke shi.

Ƙafa ta uku ita ce ta fi kayar da ni lokacin da na gwada tsarin. Ni Lahadi kaɗai nake da ita, kuma Lahadin ɗan Zango ba tasa ba ce. Ranar ce ake ɗaurin aure da kai amarya, ranar ce ake tara taron suna da addu'ar arba'in da saukar makaranta. Akwai watan da Lahadi huɗu a jere ina da inda dole in je: ɗaya Nima, ɗaya Fadama, ɗaya Madina, ɗaya Ashaiman. Ba ka isa ka ce wa 'yar ƙanen mahaifinka ba ka zo bikinta ba domin kana wankin zannuwan gado. Rasuwa kuma ba ta ba da sanarwa. Mai taɓawa kullum idan ya rasa rana ɗaya, aikin rana ɗaya ya bi shi bashi. Mai tarawa idan ya rasa ranarsa, na mako biyu ne zai tarar, kuma daga nan ne mutum yake fara jin tsoron shiga ɗakinsa. Na tuna wata Lahadi da na jiƙa kaya da safe da niyyar in dawo da azahar, ban shigo gida ba sai ƙarfe 9 na dare, da gwaggwaro a kaina ina cuɗa wandon makaranta da hasken waya.

Maƙwabciyata tana dariyar mu biyun. Ita tana tashi ƙarfe 2 na dare ta ɗora wake, kafin gari ya waye tana bakin titi, da hantsi ta dawo ta kwanta, da yamma ta tafi kasuwar Nima sayen kayan gobe. Ta ce, "Maman yara, awa ukun da zan yi ina durƙushe a kan baho, in na yi su a kan tukunyata sun biya mai wanki har da canji." Akwai wata mata da take zuwa mata sau biyu a mako, ta yi wanki da guga, a biya ta nan take ko a tura mata ta MoMo, wato kuɗin waya. Lissafinta daidai ne ga duk wanda lokacinsa yake juyawa ya zama kuɗi kai tsaye: mai sayar da abinci, tela a watan azumi, direba, mai shago nasa na kansa. Ga mai albashin wata kuwa, wanda ko ya yi wanki ko bai yi ba abin da zai karɓa ɗaya ne, kuɗin mai wanki daga kuɗin cefane zai fita, don haka sai ya auna da kyau.

Biya ma kashi-kashi ne, kuma mutane sukan haɗa su wuri ɗaya. Akwai sayen aiki guda: mai wanki, mai guga, injin markaɗe, kayayo da za ta ɗauko maka kaya daga cikin Agbogbloshie zuwa bakin mota. Ko kokon da ƙosan da muke saya da safe, in an duba, lokaci muke saya. Wannan kashin ba shi da wata illa in aljihu zai ɗauka, sai dai mai wanki da ruwanka da sabulunka za ta yi aiki, kuma sai wani yana gida. Akwai injin wanki, wanda ya dace da mai gidan kansa kamar Yaya, amma a gidan da mita ɗaya ake rabawa, ranar da ka kunna shi ranar za a fara yi maka lissafin wuta a tsakar gida. Sai kashi na uku, ɗauko yarinya daga arewa ko daga ƙauye ta zauna da kai. A nan ina da magana. Dokar yara ta Gana ta 1998 ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar aiki, kuma tun 2020 akwai ƙa'idar da ta tanadi rubutacciyar yarjejeniya ga masu aikin gida, da albashin da bai gaza mafi ƙarancin na ƙasa ba, da lokacin hutu. Ko babu doka, yarinya 'yar shekara 11 da take wanke kayan makarantar 'ya'yanka alhali ita ba ta zuwa, ba ka warware matsalar lokaci ba, ka ɗora ta ne a kan wadda ba ta da bakin ƙi. Wanda zai ɗauki mai aiki ya ɗauki babba, ya biya ta kamar ma'aikaciya.

Duk wannan maganar aikin yau da gobe ce. Gyaran gida wani abu ne dabam, kuma a nan mu ukun duk mun taɓa faɗuwa. Yoyon kwano, famfo mai ɗiga, ragar taga da ta yage, ƙofar bayi da ruwa ya cinye ƙasanta, fenti, kwatar ƙofar gida: ba sa shiga cikin minti 20 na dare, kuma idan aka ce "sai ranar hutu", wanki da biki suna cinye ranar. Haka suke zama wata da watanni. Ni na yi shekara biyu ina tara bokiti a wani lungun falo duk damina, ina cewa in an samu sarari. Ranar da silin ya jiƙe ya rufto, da katifar yara ya tafi, kuma abin da da kwano ɗaya da 'yan ƙusoshi zai gyara ya koma aikin kafinta na kwana biyu.

Abin da na koya shi ne gyara da kalanda ake yinsa, kuma yanayi ne yake ba da ranar. Babbar daminar Ankara daga wajen Afrilu zuwa Yuli take, ƙarama kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba. To kwano da kwata da duk abin da ruwa zai tona asirinsa, a gama da su tsakanin Janairu da Maris. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma da zarar ruwan farko ya sauka kowane kafinta a Nima yana da mutum goma a bayansa. Mu da muke kusa da babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi ba ma buƙatar wa'azi a kan toshewar magudana. Daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah Circle suka kashe mutum fiye da 150, yana nan a zukatan mutane. A 2014 gwamnati ta ware Asabar ta farkon kowane wata don tsabtace gari, kuma ko a lokutan da abin ya yi sanyi, ranar ta zame wa gidanmu alama mai kyau: mazan gidan sukan fito da shebur su yashe kwatar ƙofa kafin kowa ya kama gabansa. Fenti kuwa kowa yana so dab da Salla, lokacin da mai fenti yake tsada kuma yake gaggawa. A yi shi wata biyu kafin azumi, ya fi kyau ya fi sauƙi.

A gyara, tambayar ita ce ka yi da kanka ko ka kira mai sana'a. Canza roba a bakin famfo, ɗaura sabuwar raga, shafa mai a ƙofar ƙarfe da iskar teku take sa wa tsatsa, waɗannan maigidana yana yi da yammar Asabar. Wuta da hawa kwano da duk abin da ya shafi tukunyar gas, a bar wa masu shi. Sai dai kiran mai sana'a ma yana cin lokaci, domin sai ka tsaya a kansa. Wanda ya ba da kuɗin kaya da na aiki gaba ɗaya ya tafi shago, ya dawo ya tarar da abin da ya tarar. Ni yanzu da kaina nake zuwa Timber Market in sayo katako da ƙusa, in biya rabin kuɗin aiki, sauran sai an gama. Kuma ranar aiki nake sa shi, ba Lahadi ba. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba ma'aikaci hutun shekara na aƙalla ranakun aiki 15 da albashinsa. Yaya takan ciri kwana biyu daga ciki musamman don gyara, ta ce sun fi mata amfani a kan kwana biyun da za ta yi tana kwance. Ɗan haya kuma kada ya taɓa ƙusa sai ya yi magana da mai gida. Yawancinmu kuɗin shekara ɗaya ko biyu muke zubewa gaba, duk da dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda da shi, don haka in ka gyara da kuɗinka ba tare da an rubuta cewa za a cire daga haya ta gaba ba, ka yi wa mai gida kyauta.

Akwai wani abu da ya fi zaɓen tsari tasiri a gidana, kuma ban so in tsallake shi. Shekarun farko ni kaɗai nake yin komai, mu biyu muna fita mu biyu muna dawowa a gajiye. Da aka zauna aka raba, guga da cika duro da sayo gas da katin mita suka koma hannun maigida, shara da wanke-wanken dare suka koma hannun manyan yara biyu, mace da namiji. Wata tsohuwa a gidanmu ta yi ta tsegumi da ta ga ɗana namiji da tsintsiya. Malamin makarantarsu ne ya raba gardamar, ya tuna mata cewa an ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Ba ta sake magana ba, ko da yake har yau takan kawar da kai.

To wa zai ɗauki wanne? Wanda yake Nima ko Maamobi ko Newtown, aikinsa bai fi mota ɗaya ba, yana gidan tarayya, ruwansa a duro, Lahadinsa kuma ta dangi ce, ya taɓa kullum, ya ware Lahadi ɗaya a wata don labule da bayan firji, ya kuma faɗa wa dangi tun da wuri cewa ranar sai da yamma za a gan shi. Wanda ya yi nisa, Kasoa ko Adenta ko Amasaman, yana da tanki da firiza da Asabar tasa, ya tara, amma ya bar wa dare wanke-wanke da shara, kuma kada ya dafa abin da ya wuce na kwana huɗu ko biyar in wutar unguwarsa ba ta da tabbas. Mai sana'ar da awa ɗayarsa kuɗi ce ya biya, ya fara da wanki, domin shi ne ya fi cin lokaci da ƙarfi.

Ni a yanzu ina nan a kan kullum kaɗan, sai dai na ari abu ɗaya daga kowaccensu. Daga Yaya na ɗauki markaɗen mako: ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, maigida yakan biya ya sayo tumatir da attaruhu da albasa, a markaɗa a tafasa a ajiye. Daga maƙwabciya na ɗauki mai wankinta, sau ɗaya a wata, don zannuwan gado da labule kawai. Kafintan da zai duba mana kwano kuma na riga na yi magana da shi, ya ce Talata ta biyu a watan Fabrairu. Na rubuta a bayan ƙofa, na kuma gaya wa Hajiya mai shago cewa ranar ba zan fito ba.